Ranar da Na Ɓoye Hannuwana

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Ya aikin asibiti, ya tsayuwar yini? Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya kiyaye ki a inda kike. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, sai dai Mama ta hana shi hawa tsani, shi kuma jira yake ta juya baya. Auta ta gaje takalmanki, tana cusa tsumma a ciki don su zauna mata.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya, don kin san ni, da na ji muryar mutum sai kalmomi su gudu su bar ni. Kin tuna bencin baya na coci, wanda ke kusa da ƙofa? Kunya ce ta kai ni can, ashe hanyar masu goyo ce. Duk wadda ɗanta ya fara kuka sai ta fito ta miƙo mini shi. Ba tambaya ake yi ba fa, miƙowa kawai ake yi, hannuwana kuma su tashi da kansu tun kafin in yi tunani. Na daɗe rabona da jin wa'azi daga farko har ƙarshe. Wannan bai dame ni sosai ba, don ina son yara, wani lokaci har in lula tunanin nawa gidan mai farin labule. Matsalar ita ce ajin baftisma. Bayan an tashi sujada ake yin sa, daidai lokacin da mata ke shiga taron zumuntarsu, su bar ni a baranda da jarirai. Dattijon da ke koyar da mu ya kira ni gefe, ya ce a hankali idan na sake rasa aji, sai dai in jira baɗi. Ke kin san yadda nake ɗokin ranar nan.

Na dawo gida na kwanta da littafin soyayyar da na aro, amma ko shafi ban iya juyawa ba. 'Yan matan cikin littattafan nan sukan ɗaga kai su ce wa attajiri a'a, ya fita yana rawar jiki, ni kuwa ɗan da ko haƙori bai yi ba ya gagare ni. Kaka ta gan ni ta ce wane saurayin takarda ne kuma ya mutu yau. Da na faɗa mata gaskiya, na ƙara da cewa tsoro nake kada ƙin taimako ya zama zunubi, sai ta yi dariya har da tari. Ta ce wanda bai iya cewa a'a ba, abin da ya bayar ba kyauta ba ne, ɗauka kawai aka yi. Ta ce Ubangiji ya fi son hidimar da na zaɓa da zuciyata. Sai ta ce tunda bakina ba ya aiki a gaban mutane, in fara da hannu: in mayar da su baya, in riƙe ɗaya da ɗaya gam.

Ranar Lahadi, ana tashi, sai ga Anti Tela, mai ɗinka mana kayan makaranta, ta nufo ni da ɗanta Kumatu. Kin san duk cikin yaran shi na fi so. Na mayar da hannuwana baya. Ta miƙo shi tana magana da wata, ba ta ma dube ni ba, yaro ya tsaya a iska yana wutsil-wutsil da ƙafa. Sai da ta ji ba a karɓa ba ta juyo. Na dubi takalminta na ce ta yi haƙuri, ina da aji yanzu, zan riƙa ɗaukarsa lokacin waƙoƙi, amma ba lokacin wa'azi ko aji ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe shiru-shirun nawa na da baki, kuma 'yan matan yanzu an fara girma. Hakan bai yi mini ciwo ba kamar yadda Kumatu ya miƙo hannu yana kuka sa'ad da na juya. Da hawaye na shiga aji, dattijo ya ɗauka darasin ne ya taɓa ni.

Ta taga na ga sauran. Anti Tela ta tsaya tana dube-dube, sai ta hango mijinta a gindin bishiya yana hirar ƙwallo, ta je ta dangwara masa yaro a ƙirji ta wuce. Ya riƙe shi nesa da jiki kamar an ba shi tukunya mai zafi. Kafin mu fito, Kumatu ya yi barci a kafaɗarsa, ya jiƙa masa kwalar riga da yawu, uban kuma yana yi wa abokansa alama su rage murya.

Har yanzu Anti Tela a taƙaice take amsa gaisuwata, kuma abin na ci mini rai, ki taya ni addu'a kada mu daɗe a haka. Amma ban sake rasa aji ba, kuma dattijo ya ce ina cikin waɗanda za a yi wa baftisma bana. Don Allah ki nemi hutu ki zo. Ina so in fito daga ruwan in ga fuskarki.

Baba da Mama suna gaishe ki, Kaka ta ce ki daina ramewa a hoto, Auta ta ce ƙafarta ta kusa kamo taki. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai kunya