Malam, Na Sayi Babur

Assalamu alaikum Malam,

Allah Ya kai haske makwancinka, Ya sa kana cikin rahama. Na san babu direban da zan ba wannan takarda ya kai maka. In na gama, naɗe ta zan yi in sa cikin akwatinka tare da hulunanka. Amma akwai labarin da kai ya kamata ka fara ji, shi ya sa na zauna bayan la'asar na ɗauki biro.

Gida lafiya. Damina uku ke nan babu kai. Inna tana nan da ranta, sai dai gwiwa ta hana ta zuwa ko'ina, a zaune take sallah yanzu. Ɗiyarmu Asma'u ta haihu a Yelwa, namiji, an mayar da sunanka, muna ce masa Abba. Goshinka ya kwaso, har da yadda kake tattare shi in rana ta dame ka. Ƙanenka Garba ne ke noma fadamar, shinkafa ta yi kyau bana. Ni kuma ina nan a asibitinmu na Wara ina aikin ungozoma kamar yadda ka bar ni.

To ga labarin. Malam, na sayi babur. Nawa na kaina, kuma ni nake tuƙa shi.

Na san da kana nan sai ka ce in maimaita. Kafin in gaya maka yadda aka yi, bari in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi.

Ka tuna shekarar da muka dawo Wara, Asma'u tana goye, ka ce sai na koyi babur saboda aikina na shiga ƙauyuka? Kullum bayan la'asar sai mu tafi filin firamare da jan babur ɗinka. Kana riƙe da bayansa kana gudu, kana cewa in saki kuloci a hankali kamar mai sauke tulu daga ka. A mako na uku ina zagaye filin ni kaɗai. Sai ranar da na faɗi a gaban matan da ke dawowa daga bakin ruwa, salansa ta ƙone ni a ƙwauri. Da ciwon ya warke ka ce mu koma, na ce maka tsoro nake ji, ba zan ƙara hawa ba.

Ƙarya na yi maka, Malam. Ban ji tsoro ba. Inna ce ta same ni a madafa washegarin faɗuwar, ta ce gari duk ya ɗauka matar malamin makaranta ta baje a ƙasa zane a sama, in ina son mutuncin ɗanta in bar wannan shirme. Ban gaya maka ba don kada in shiga tsakaninka da mahaifiyarka. Kai kuwa sai ka ɗora wa kanka laifi. Shekara da shekaru in idonka ya kai kan tabon sai ka ce ka yi gaggawar sakin babur ɗin, in yafe maka. Ni kuma in ce na yafe, alhali ba ka yi mini komai ba. Me ya hana ni buɗe baki ko sau ɗaya? Ni ce ya kamata in nemi gafara. Ka yafe mini.

Daga nan kai ka zama ƙafata. Ko kana tsakiyar cin abinci aka aiko mace tana naƙuda a wata tunga, sai ka wanke hannu ka tayar da babur. Bayan rasuwarka da aka raba gado babur ɗin ya faɗa wa Garba, ni kuma na koma hannun 'yan kabu-kabu. Ba su da laifi, amma ba kullum ake samun su ba.

Bara, ranar kasuwa, da hantsi aka bugo mini waya daga wata tungar masunta a bakin tafki. Wata mace mai suna Lami ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Na ɗauki jakata na fito titi, babu babur ko ɗaya, duk sun kwashi mutane da kifi sun yi kasuwa. Na buga wa Garba, yana Shanga wajen sayen iri. Na tsaya a rana ina ɗaga wa duk abin da ya wuce hannu. Sai gab da azahar na samu mai kai ni. Da muka isa na iske mata sun ɗora ruwan wankan gawa. Allurar da ke tsayar da jinin tana cikin jakata, Malam, a kafaɗata. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ranar na kasa haɗa ido da uwar Lami. A hanyar dawowa, ina bayan yaron mutane ina share hawaye da hijabi, na yanke shawara.

Wajen Inna na fara zuwa. Na durƙusa na gaya mata abin da ya faru da abin da nake son yi. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, “Ni na hana ki tun farko, ko?” Ta ce, “Shi ya san ni ce?” Na ce ba ka sani ba har ka koma ga Allah. Malam, ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba, ko ranar da aka fita da kai. Da ta natsu ta kama hannuna ta ce, “Tahi ki saya, ɗiyata. Wanda duk ya yi magana ki turo mini shi.”

Sai kuma aka shiga zaɓen wanda zan saya, nan ne na ga ikon Allah. Kowa ya zama masanin babur. Garba ya ce roba-roba zan saya, shi ne na mata, ba kuloci ba wahala. Abokan aikina maza suka ce in sayi babba irin na 'yan kabu-kabu, shi ke jure hanyar ƙauye. Asma'u ta bugo waya tana faɗa, wai a shekaruna in na karye wa zai yi jinyata. Wani ya ce in sayi na hannu, wani ya ce na hannu ciwon kai ne. Kaina ya ɗaure, sai na tafi garejin amininka Malam Ɗanjuma bakanike. Ya tsufa, gemun duk ya yi fari, amma har yanzu da kunne yake gane ciwon inji. Ya ajiye sifana ya saurare ni har na gama. Bai yi dariya ba. Ya ce Asabar mu tafi Yelwa.

A shagon masu babura, mai shagon ya ɗauka Malam Ɗanjuma ne mai saye, ni rakiya na yi. Da ya ji ni ce, sai ya jawo wani roba-roba shuɗi mai sheƙi. Gaskiya ya shiga raina. Ba nauyi, ga kwando a gaba, na hau na ji kamar kujera. Malam Ɗanjuma ya tsuguna ya nuna mini cikin babur ɗin yadda ya kusa taɓa ƙasa, da siraran tayoyinsa. Ya ce wannan na zuwa kasuwa da gidan suna ne a cikin gari, yashin bakin tafki zai haɗiye shi tun ban yi nisa ba.

Aka kawo babban. Na hau, yatsun ƙafata kawai ke taɓa ƙasa. Malam Ɗanjuma ya ce in sauka. Ya sa aka shimfiɗa kwali, ya kwantar da sabon babur ɗin mutane a ƙasa, mai shago yana salati. Ya ce, “Hajara, tashe shi.” Na kama, na yi nishi, na ja har idona ya yi duhu, ko motsin kirki bai yi ba. Mutane suka fara taruwa, na ji ana ƙus-ƙus ana dariya. Irin dariyar matan bakin ruwa ce sak. Zuciyata ta ce in ɗauki jakata in koma tasha. Sai na ji Malam Ɗanjuma yana cewa da ƙarfi don kowa ya ji, “Babur ɗin da ba ki iya tashe shi in ya faɗi ba naki ba ne, don a daji babu mai kama miki. A kawo wani.”

Na ukun yana can ƙurya, ƙura ta rufe shi. Baƙi ne, matsakaici, mai kuloci, ba shi da wani ado. Na hau, tafin ƙafata biyu suka zauna daram a ƙasa. Hannuna ya kai birki ba tare da na miƙe ba. Aka kwantar da shi. Malam Ɗanjuma ya nuna mini in juya wa babur ɗin baya, in tsuguna, in kama hannunsa da ƙarfen baya, in tura da ƙafafu. Karo na farko ya kuɓuce. Karo na biyu na ce bismillah, na ji ya taso ya tsaya. Wani tsoho mai sayar da goro ya yi kabbara, waɗanda ke dariya suka koma tafi. Malam Ɗanjuma ya ƙara da cewa kayan gyaran irinsa ko a ƙauye ana samu. Na ce shi nake so. Na sayi hular kwano a wurin, aka ɗora babur ɗin a mota muka dawo Wara.

Koyon bai zo da sauƙi ba, kada ka ɗauka na hau na wuce. Na je wajen tela ya ɗinka mini wanduna masu faɗi da gajeren hijabi, don kada dogo ya shiga taya. Muka koma filin nan dai na firamare. Abin mamaki, ƙafata ba ta manta giya ba, amma hannuna ya manta komai. In na saki kuloci sai injin ya mutu, ko ya zabura kamar jakin da aka tsikara. Malam Ɗanjuma ba ya iya gudu a bayana kamar kai, a gindin darbejiya yake zama yana ɗaga murya. Na faɗi sau biyu. Na goge gwiwar hannu. Wata guda ina filin, wata guda ina zagayen unguwa da sassafe, sannan ya yarda na hau kwalta. Ranar da babbar mota ta fara wuce ni, iskarta ta kusa jefa ni rami, na tsaya a gefe. Na huta, na sake tayarwa. Daga baya na bi ƙa'ida na karɓi lasisi, hotona da hijabi a jiki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro yau.

Shekaranjiya da safe, ina cikin duba masu awo, aka bugo daga wata tunga da ke gaba da ta su Lami. Haihuwar fari, naƙuda ta yi tsawo. Ban fita titi neman kowa ba. Na ɗaure jaka a baya, na sa hula, na buga kik. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya duk taɓo da kwazazzabo. Na bi a giya ta biyu, ina tuna yadda kake kauce wa tsakiyar kududdufi. Da na kusa tafki na shiga yashi mai zurfi, tayar gaba ta karkace, sai ga ni a ƙasa, babur a kan gefensa. Na duba gabas da yamma, babu kowa sai balbelu da shanu can nesa. Na karkaɗe jiki, na juya masa baya, na tsuguna, na tura. Ya tashi, Malam! Bugu biyu ya kama.

Na isa kan jariri yana fitowa. Mace aka samu, ta yi kuka nan take. Sai jini ya ɓalle wa uwar, irin na Lami. Na ga tsofaffin matan sun fara kallon juna. Na yi mata allurar, na dinga murza mata mara, na ɗaura mata ruwa, ina kiran sunanta don kada ta lumshe ido. Hassi sunanta, yarinya ce ƙarama ba ta kai Asma'u ba. A hankali jinin ya ja baya har ya tsaya. Kafin la'asar ta sha kunu ta ba ɗiyarta nono.

Da na fito na iske mazan tungar sun kewaye babur ɗin. Sarkin ruwansu, dattijo mai jan rawani, ya tambaye ni wane ne ya kawo ni. Na ce ni na kawo kaina. Ya dubi yashin da ke jikin rigata, ya dubi babur, ya ce, “To wallahi yau mun ga namijin ƙoƙari wurin mace.” Suka ɗaura mini bandar kifi a baya har sai da na ce ya isa, kada taya ta lotsa. Da na shigo gari, 'yan kabu-kabun bakin tasha suka dinga danna oda suna ɗaga hannu. Kai tsaye ɗakin Inna na wuce na ba ta labari. Ta sa na maimaita mata wurin faɗuwar sau biyu, tana dariya tana cewa barka. Asma'u ma ta sauko, wai in zan zo Yelwa ganin Abba in zo a kansa ƙawayenta su gani.

Akwai abin da ban sani ba sai yanzu. Duk shekarun da kake kai ni tungayen nan, bayan rigarka kawai nake kallo. Ashe in an hau tudun da ke bayan gonakin gero, tafkin gaba ɗaya yake buɗewa a gaban mutum, da jiragen masunta da tsibirai, har inda ido ya gaza. Me ya sa ba ka taɓa ce mini in leƙo ba? Ko ka ce, hankalina yana kan mai naƙuda?

Hanyar asibiti ta bayan maƙabarta take bi. Kullum da safe in na zo daidai katangar sai in rage wuta, in yi maka sallama da addu'a, in wuce a hankali don kada ƙara ta dami maƙwabtanka. In ka ji wani babur yana lallaɓawa wajen ƙarfe bakwai da rabi, ɗalibarka ce za ta aiki.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu a gidan da babu rabuwa. Sai na zo.

Taka har kullum,
Hajara, wadda mutanen tunga suke kira Ungozoma Mai Babur