Sunana Ya Fito, Naka Bai Fito Ba

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa a maƙogwaron mai ƙishi, Dogona, uban 'yata, wanda har yau idan na ji takunsa a ƙofar gida sai na gyara ɗaurin ɗankwali.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta ga fuskarka ba. Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a aljihun rigar nan, domin shekara tara muna tare ban taɓa rubuta maka abin da ya wuce jerin cefane ba. To, inda kuke ɗaukar fim babu sabis na kirki, idan ma kiran ya shiga, daga "lafiya lau" sai "ana nemana, sai anjima." Shi ya sa da direban motar kayan aiki ya zo karɓar rigunan da darakta ya ce a ƙara muku, na roƙe shi ya dawo bayan la'asar. Na ture keken ɗinki gefe, na zauna a kan teburin yanka ina rubuta maka.

Bari in fara da laifina, don ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ranar Alhamis ɗin nan da aka karanta sunayen masu takarar lambar yabo ta finafinan bana, muna falo mu huɗu: kai, da ni, da Innarka, da 'yarmu a kan cinyarka. Duk gidan kai muke jira. Ni ban ma san za a fara da ɓangaren tsara sutura ba, sai kawai na ji sunana a bakin mai karantawa. Na kurma ihu har 'yarmu ta tsorata. Kai ne ka fara miƙewa, ka ce, "Tela, ashe ke ce babba a gidan nan!" Nan take waya ta shiga ruri, yayata ce, na fita baranda muna shewa, daga ita sai ƙanwata, daga ƙanwata sai matan shago. Ina can ina ƙyaƙyata dariya aka karanta sunaye biyar na gwarzon jarumi. Ba na wurin, Dogo. Shekara goma sha huɗu kana jiran mintin nan, ya zo ya wuce, matarka tana baranda.

Da na dawo ban tambayi kowa ba, labarin zuciya a tambayi fuska. Inna ta rafka tagumi, kai kuma kana murmushin nan da kake yi wa baƙi. Ka ce, "Allah ya sanya alheri, Tela." Sai ka ɗauko sifana, ka shiga kicin, ka gyara famfon da na yi wata huɗu ina roƙonka ka duba. Ka gama shi, ka koma kan ƙofar banɗaki, ka ƙarasa da fankar ɗakin Inna. Washegari ka tafi aiki, ka bar min gida babu abin da ke yoyo, babu abin da ke ƙara, sai zuciyata. Wayyo, da famfon ya ci gaba da ɗiga na shekara goma, da in ga murmushin nan!

Tunda kana can ba ka ganin abin da ake yi, bari in ba ka labari. Gari ya ɗauka. A waya mutane sun yi ca, wani ya rubuta cewa an yi maka fashi da rana tsaka, wata ta ce ta goge tashar masu bikin ba da lambar daga wayarta, kamar su sun san tana yi. Akwai kuma waɗanda suka ce dama zuzuta fim ɗin naka ake yi, bai kai ba. Waɗannan na karanta na kife wayar. Mai gyaran wayar da ke jikin shagona ya ce shi daga bana ya daina kallon bikin, alhali ni na san bara ma bai kalla ba. Inna kuwa duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta tambaye shi, "Su alƙalan nan, idanu gare su kuwa, ko su ma irin ciwon idon direban da ɗana ya fito a fim ɗin ne ya kama su?"

Wani ɗan jarida ya zo shago shekaranjiya, ya ɗora min waya a baki, yana so in ce an yi son kai. Na ce masa ni tela ce, ban shiga ɗakin da suka zauna ba, abin da na sani kawai shi ne mijina ya yi aikin da ya isa a kira sunansa. Ya ce, ba kya jin kunya ke kin fito shi bai fito ba? Na ce masa ya matsa, yana tsaye a kan yadin mutane. Kuma gaskiya ɗaya ce, cikin biyar ɗin nan mutum biyu sun cancanta, kai ma da bakinka ka yabi ɗayansu ranar da muka kalli fim ɗinsa. Shi ɗin ma ya kira layin gida yana nemanka, ya ce in gaya maka da ya ji babu sunanka sai nasa ya yi masa nauyi. Sauran ukun kuwa, bakina da goro.

Su alƙalan sun ga fim na awa biyu. Ni na ga wata biyar. Ni na gan ka kana koyon zama direban bas ɗin da idonsa ke mutuwa yana ɓoye wa iyalinsa: kana rufe ido kana ƙirga taku daga ɗaki zuwa kicin, ƙaurinka duk tabon teburin falo, kana lalubar kofi kana wayancewa da goge tebur don kada a gane. Ni na gan ka ka je tasha ka wuni da tsofaffin direbobi har ka koyi yadda suke riƙe sitiyari da tafin hannu ɗaya. Kuma me aka yaba a aikina? Rigar kakin nan da na wanke sau ashirin na shanya a rana har ta koɗe, na goge wuyanta da dutse, na sa maka safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. To, wa ya ce a saɓa maɓallan rigar, na sama ya shiga ramin na ƙasa, kamar yadda mai raunin ido zai yi? Kai ne, a gaban madubin ɗakinmu. Riga a jikin ƙusa tsumma ce, Dogo. Idan sun ga rigar har ta burge su, a jikin wa suka gan ta?

Saboda haka ne ranar Lahadi na rubuta wa masu bikin saƙo cewa su cire sunana. Kafin in tura na nuna wa Inna, ina tsammanin za ta sa min albarka. Sai ta karɓe wayar ta cusa a ƙarƙashin cinyarta. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗana ciwo ɗaya ke damunsa, so kike ki mayar masa biyu? Ya dawo ya tarar kin zubar da rabonki saboda shi, da wane ido zai dube ki? Ni na haife shi, ba shi da hassada, zuciya ce da shi." Ban tura ba. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, hasken raina: ina murna. Shekara goma sha biyu ina bin bayan kyamara da allura a baki, sunana yana wucewa a ƙarshen fim lokacin da kowa ya tashi neman takalminsa. Ina murna, kuma murnar ta ƙi zama a cikina, domin wanda zan yi ta da shi ya tafi da nasa ciwon a aljihu.

Ka tuna ranar da muka haɗu? Wandonka ya yage tun daga ƙugu har gwiwa ana tsakiyar ɗauka, aka turo ka wurina, ka tsaya bayan labule ɗaure da mayafin tebur kana miƙo min wandon da hannu ɗaya. A fim ɗin nan layi biyu kawai gare ka, kai ne mai gadi na biyu. Amma ina ɗinki ina jin ka kana maimaita layukan nan biyu, sau talatin ko fi, kowane da irin muryarsa. Na ce a raina, wannan ko dai mahaukaci ne, ko kuma zai yi nisa. Wannan mutumin na aura, mai mayafin tebur. Ranar babu alƙali, babu lamba, babu wanda ya san sunanka sai mai raba abinci. Me ya canja daga ranar zuwa yau, in ban da furfura uku da ka ƙi yarda da su?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Matar mai ɗaukar hoto ta zo awo jiya, ta ce min ka gaya wa darakta wannan ne fim ɗinka na ƙarshe, za ka koma shagon taya wurin yayanka. Ta faɗa ne tana zaton na sani. Na gyaɗa kai kamar na sani, allurar da ke hannuna ta shige min yatsa. Haba, Dogo! A bakin wadda ta zo awo zan ji wannan? Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba sa aika wa juna saƙo ta hannun maƙwabta.

Ka ji ni da kyau, ya tauraron asubahina. Idan ka gaji ne, idan jikinka da ranka sun ce ya isa, wallahi zan ɗinka maka rigar aikin shagon taya da hannuna, in yi mata aljihu huɗu, in yi alfahari da kai kamar yadda nake yi yau. Sayar da taya ba abin kunya ba ne. Amma kada ka bar abin da ka fi kowa iyawa don wasu alƙalai bakwai sun zauna a ɗaki mai sanyi sun tsallake sunanka. Kada ka ba su abin da ba su ma roƙa ba. Ka dawo gida tukuna, ka zauna, ka yi fushinka a gabana, ka faɗa min na ba ka haushi da na fita baranda. Zan ɗauka, na cancanta. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne "lafiya lau."

A safiyar yau katin gayyata ya iso. Kujera biyu ce, tawa da ta mutum ɗaya. Yayata ta ce ita ce babba, ƙanwata ta ce ita ta iya ɗaukar hoto, har Inna ta ce in dai akwai wurin miƙe ƙafa za ta je ta ga alƙalan da idonta. Duk na ba su haƙuri, na rubuta sunanka na mayar. Ba don ka tafa min nake so ka zo ba, kuma na san zama a wurin nan zai yi maka ɗaci, a kira wasu kana kallo. Ni dai ban san yadda ake shiga irin wannan ɗaki ba, kuma duk duniya hannu ɗaya na sani da zan riƙe in shiga. Idan ka zo, ko na ci ko na faɗi, tare za mu fito. Idan ba ka zo ba, ba zan ba kowa kujerar ba. Jakata zan ɗora a kai, duk wanda ya tambaya in ce masa akwai mai ita.

Direba ya dawo, yana ta danna min hon. Ka riƙa cin abinci, ka daina shan shayi a madadinsa. 'Yarmu tana gaishe ka, ta ce in gaya maka haƙorinta na gaba ya fita.

Ni ce taka, a ranar da aka kira sunanka da ranar da aka tsallake shi, yau da gobe, har ranar da numfashina zai ƙare,

Telarka.