Furotin Ɗin Da Ya Dunƙule a Firiza

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdulillahi, sai gajiya. Auta ta fara haƙori, ba ta barci, ba ta kuma barin wani ya yi. Babbar ta shiga makaranta, kullum da sabuwar waƙar da za ta cika mana kunne.

Kawu, tun da kai ka fara koya mini kimiyya, kai kaɗai zan ba wannan labari ba tare da an ce na cika surutu ba. Ka san binciken digirina a kan wani furotin ne. Watanni ina tace shi a ɗakin gwaji, in samu ruwa garai-garai, in sa a firiza don ya daɗe. Duk ranar da na fito da shi sai in tarar ya dunƙule fari fat a gindin kwalba, ba ya aikin komai. Na zargi hannuna, na zargi kwalaben, na canza kayan haɗi. Har na kai ina gudun buɗe firizar.

Makon jiya na ɗiga wa ruwan wani rini da ke sauya launi idan tsami ya ƙaru, na daskarar da shi. Ya shiga kore, ya fito rawaya. Ashe daskarewar ce ke saukar da pH, wato ruwan ya yi tsami. A jikin furotin ɗin kuwa akwai wani amino asid, wato ɗaya daga cikin tubalan da suka gina shi, mai suna histidin, wanda reshensa ke ɗaukar haidurojin da zarar tsami ya ɗan ƙaru. Da ya ɗauka sai cajinsa ya sauya, ya ture maƙwabtansa, furotin ya warware ya cakuɗe. Na daɗe ina tsammanin ranar da na gano dalili zan yi tsalle. Kujera kawai na ja na zauna, ina kallon kwalbar, bayana yana ciwo.

Farfesan da ke duba aikina ya yaba, ya ce na yi ƙoƙari. Sannan a hankali ya ce duk gwajin da na yi da daskararren furotin ba za a dogara da shi ba, sai an sake daga farko, kuma ba zai yiwu in tafi hutu ba kafin wa'adin miƙa aiki. Maigidana kuwa, da ya ga yadda na dawo, sai ya karɓi Auta, ya ce in je in kwanta.

Abin da ya fi damuna ke nan, Kawu. Na yi maka alkawarin zan zo in kai ka aikin idon da za a yi maka, in zauna da kai har a cire bandeji. Ba zan samu zuwa ba. Na yi magana da Yaya Babba, ya ce zai ɗauki hutu ya kai ka, na kuma gaya masa kada ya bari ka tsallake maganin ɗigawa, don na san halinka. Na yi tunanin ajiye karatun gaba ɗaya in taho, sai na ga kai za ka fara yi mini faɗa tun daga bakin ƙofa. Don haka zan zauna in gama. Ka yafe mini. Idan idon ya buɗe, ka rubuto mini da hannunka, ko layi biyu ne.

Ka gaishe da Inna, da Yaya Babba da iyalinsa, da Gwaggo Ƙarama, a ce mata ban manta da ita ba. Maigidan yana gaishe ka sosai. Ka sa ni a addu'a.

Taka 'yar,
wadda kake kira Sarkin Tambaya