Dakalin da ke Gindin Tankin Ruwa

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya karɓi hayar tsohon tankin ruwa na kan dutse, Jos.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Yau Asabar. Ƙafafuna sun kumbura, tari bai sake ni ba tun farkon damina. A yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya. Tankin da kuka kafa ƙarafan sadarwa a kansa, Turawan haƙar kuza ne suka gina shi. Ni da abokin aikina Pam mu ne masu tayar da injinsa tun muna samari. Akwai jan ƙarfe rataye da sarƙa a jikinsa. In ya sauko ƙasa, an san tanki ya cika. Matan unguwa, Musulmi da Kirista, shi suke leƙawa kafin su fito da bokitai. Layi ɗaya suke bi.

Na biyu. Injin ya mutu, aka sallame mu. Aka rataya wa tankin allunan talla, ɓarayi suka kwance tsaninsa. Sai rikici ya raba gari, tankin ya zama iyaka. Pam yana gabas da shi, ni ina yamma. Ba ya shigowa wajenmu, ba na shiga wajensu. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse. Abin da ya rage mini shi ne dakalin siminti da muka gina da hannunmu a gindin tankin. Nan muke haɗuwa duk Asabar da hantsi, domin wurin ba na kowa ba ne.

Na uku. Kun zagaye wurin da waya mai ƙaya, dakalin ya faɗa ciki. Sau uku na hau dutsen nan da sanda, maigadinku yana koro ni, wai oga ya hana. Na hango Pam a ɗaya gefen, a tsaye. Kunnensa ya yi nauyi, muryata ba ta kaiwa. Hannu kawai muka ɗaga wa juna, kowa ya gangara.

Ba na cewa ku cire ƙarafanku. Roƙona a matsar da wayar taku biyar, dakalin ya fito waje. A yi da wuri, don Allah. Pam ya girme ni.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka tsufa cikin mutanenka, kada ka san irin wannan zama.

Wassalam.

Malam Sale, tsohon mai kula da injin ruwa.

Ƙari: Pam ya aiko cewa zai daure ya tsallako yau, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Na share ɗaki, na dafa shayi. An yi azahar, an yi la'asar, shayin ya huce. Bai zo ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Wurin da ka ga babu rubutu a ƙasa, nasa ne.