Hantar Juma'a ta Kaka Kaltumi

Juma'a, 3 ga Mayu, 2024
Yau ma Baba ya aika wa Kaka Kaltumi hantarta ta hannun mai moto, ɗan acaɓa, ta dawo da ita. Wai a faɗa wa mijinta ba ta cin cefanen aike. Ni ne mijin. Tun ina goye take tsokanata da haka, kuma tun da na fara riƙe wuƙa a mahauta nake kai mata hanta duk Juma'a, har ciwon nan ya kwantar da ni. Gidanta a ƙarshen lungunmu yake, daga gado ina hango kan darbejiyarta. A wurina nisansa kamar garin Poli.

Litinin, 6 ga Mayu
Na yini tsakanin barci da ido biyu. A mafarki fararen shanu suna ƙetare kogin Binuwai ba sa jiƙewa, ina biye da su, jikina ba nauyi. Na farka, ɗaga kofi ya zama aiki.

Laraba, 8 ga Mayu
Dokta Nadège ta ce jini lafiya, zuciya lafiya. Fatigue chronique, gajiyar da barci ba ya kawar da ita. “Muhaimin, ka riƙa yin kaɗan, ka tsaya tun jikinka bai ce ka tsaya ba.” Kaɗan ɗin nake tsoro. Bara da na ji dama-dama na koma mahauta na feɗe akuya, sai na kwanta har damina ta wuce, hasken taga ma ciwo yake min. Tun daga nan ko tsakar gida ba na taka wa sai dole. Baba bai taɓa cewa lalaci ba ne, amma ina jin irin gyaran muryar da yake yi a ƙofar ɗakina.

Juma'a, 10 ga Mayu
Kaka ta faɗi a banɗaki. Kawu Taufiƙ zai tafi da ita gidansa a unguwar Dougoï, can garin Marwa, Asabar ta sama. Gaba ɗaya. A shekarunta kuwa...

Talata, 14 ga Mayu
Na kira ta. Ta ce, “Wa ke magana? Ni mijina da ƙafa yake zuwa.” Ta kashe. Na yi dariya, na yi kuka, kukan ma ya gajiyar da ni.

Alhamis, 16 ga Mayu
Hadari ya zauna a kan dutsen Tinguelin, bai zubo ba. Na yi tafiyar a raina: zaure, kwata, shagon Boris mai gyaran waya, darbejiya. A raina ko haki ba na yi.

Juma'a, 17 ga Mayu
Bayan an sauko daga masallaci Inna ta leƙo ta ce, “Kakarka ta fito da sanda fa. Wai tunda maigida ya yi yaji, ita za ta zo biko.”

Tsohuwa da ciwon ƙugu ta tako ta gaishe ni, duk lungu na kallo? Na karɓi ƙunshin hantar na bi bango. Ƙasa tana rawa kamar ruwa a kwano. A bencin Boris ƙafafuna suka ƙi. Nan ta same ni, tana haki ina haki.

“Kai, wannan miji ya lalace,” in ji ta. Ta buɗe ƙunshin ta ce hantar ta yi kaɗan. Sannan ta ɗora hannu a kaina, ta yi min godiya da Fulatanci, ta ce, “Useko, maigida. Mu yafi juna.” Mun zauna har la'asar, daga nan Boris ya riƙo ni zuwa gida.

Laraba, 22 ga Mayu
Jiki ya rama. Tun Asabar nake kwance, ban ma ji tashin motarsu ba. Sai yau na iya zama. Na faɗa wa Inna ba zan ƙara fita ba, kuma da gaske nake. Na dai ce gobe ta shimfiɗa min tabarma a zaure, kusa da ƙofa. Ɗakin nan ya cika zafi, shi ke nan.