Ɗinkin Yaya da Dokar Iyaka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan? Na san ba ki rage zaman keken ɗinki ba.

Na iso lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Kin san ofis ya turo ni taron ƙasashen nan uku kan saye da sayarwa ta intanet. To, a daftarin dokar da ake tattaunawa akwai wani sashe da ya hana ni sukuni: duk mai sayar da kaya ta waya zuwa ƙetaren iyaka sai ya buɗe shago mai rajista a ƙasar mai saye. Ina karantawa na hango ɗakinki, da yadudduka a kan gado, da wayarki tana ta ƙara. Rabin masu sayen ɗinkinki a nan suke. Ina ke ina hayar shago a wata ƙasa?

Na kasa cin abincin rana, sai kaiwa da komowa nake a baranda. Kada dai ki karɓi sabon aiki daga nan tukuna.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Na ji saƙonki, har da cewa da ɗinkin nan kika biya min makaranta. Ban manta ba.

Na miƙe a zauren na yi magana har muryata ta dishe. Wakiliyar masu masaukinmu, wadda muke kira Mai Gilashi, ita ta kawo sashen. Da aka fita shan shayi ta zauna kusa da ni, ta ce mijinta ya sayi maganin ido ta waya daga ƙasarmu, ashe jabu ne. Ido ɗaya ya tafi. Mai kayan ya kashe layi. Hukumarsu ta ce ba huruminta ba ne, tamu ma haka. Ba ta ɗaga murya ba, tana juya cokali take faɗa min.

Yaya, in na kare ki, na bar wa irin mai jabun nan ƙofa a buɗe. In na bi Mai Gilashi, na rufe miki keke. Tun ɗazu nake rubutu ina yagawa.

Naki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. An kammala, kuma ba wanda ya tashi da duk abin da ya zo nema.

Ni da Mai Gilashi muka raba sashen biyu. Magani da kayan ci da na shafa, sai da wakili a ƙasar mai saye. Irinku masu aikin hannu kuwa rajista ɗaya a gida ta isa, sauran ƙasashen za su karɓa. Amma dole sunanki da adireshinki su fito fili, a iya kai ƙararki daga can, kuma za ki biya haraji. Na san za ki ce ƙaninki ne ya haɗa ki da masu haraji. E, ni ne, da hannuna na rubuta.

Kafin mu rabu ta kai ni na gaida mijin. Ya riƙe hannuna ya tambaya ko yanzu za a kamo mutumin. Na ce masa a'a, dokar ba ta komawa baya. Sai ya ce to Allah ya tsare na gaba.

Ina hanya. Ki nemi hoton fasfo, ni zan raka ki layin rajista, ki yi min faɗan a can.

Ƙaninki,
Auta