Fada da Sandar Roƙon Ruwa

Malama Zulaihatu, don Allah ki taimake ni. Ni Fada ne a wani coci a Keffi. Ke na zaɓa don na san ba za mu haɗu ranar Lahadi ba.

Bara 'yan bindiga a kan babura suka ɗauke ni a hanyar Panda, kwana tara a daji. Tun da na dawo, da na ji ƙarar babur sai in nemi maɓoya. Kin san Keffi, babur ya fi mutane yawa. Rannan ina tsakiyar wa'azi ɗan acaɓa ya wuce, sai ga ni a ƙarƙashin teburi. Jama'a suka zaci sabon salon addu'a ne, duk suka durƙusa.

Tsohon Fada ɗan ƙasar Ailan da ya rene ni ya ce shi in zuciyarsa ta gaji, ƙauyen kakanninsa yake komawa. Sai na tafi namu, can bayan Agwada. Gada ta karye, babur ba ya shiga. Malama, na yi barci! Gwaggona Dokas tana tuƙa tuwo, ina ba ta labarin daji, tana kuka ina kuka.

To, ranar da na sauka aka yi ruwa bayan fari na sati biyar. Ashe marigayi kakana ne mai roƙon ruwan garin. Dattawa suka kawo min sandarsa da kaji bakwai, wai gado ya dawo gida. Na ce ni Fada ne, suka ce ai ya fi, layin waya biyu ke nan zuwa sama. In na ƙi, ina tsoron rasa wurin da nake samun barci. In na karɓa, Bishof zai ji. Kuma na riga na ci biyu daga cikin kajin.

Mai Tsoron Babur

Sannu Fada, Allah Ya ƙara sauƙi. Ban san hukuncin addininka ba, ba kuwa zan yi karambani ba. Amma mu da ku mun yarda ruwa na Allah ne. Ka mayar da sandar da hannu biyu, cikin ladabi. Dattawan nan ba wauta suka yi ba, manomi mai kallon dawarsa tana bushewa dole ya riƙe duk wanda ya gani. Ka ce za ka fita roƙon ruwa tare da su yadda ka iya. Kaji biyar su koma, biyun kuma ka nemi yafiya. Bishof ya ji daga bakinka, kada ya ji a kasuwa.

Ba sanda ce ta ba ka barci ba, Gwaggo ce da ta saurare ka. Ba kuma za a kori ɗan gida don ya ƙi sarauta ba. Sai dai yadda Abuja ke ta matsowa, wata rana za a gyara gadar. Kafin nan ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ka faɗa masa abin da ka faɗa wa Gwaggo. Ba raunin imani ba ne.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya ba garinku damina mai albarka.